Ruwan Da Ƙanina Ya Yi A Ofis

Ƙanina ya mayar da ni maƙaryaci a gaban mutane, yana zaune a ofishinsa cikin birnin Kano yana shan iska mai sanyi. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya. Shi aka bari ya yi boko har ya gaji, ni kuwa aka cire ni daga aji uku na sakandare aka miƙa mini fartanya. Wannan tsohon ciwo ne, ba shi na zo faɗa ba.

Ina da shafi a intanet, irin wanda ake ce wa bulog. Ba wani abu nake rubutawa ba sai abin da idona ya gani a ƙauyenmu, tsakanin Bici da Kunci. Wa ya fara kai taki gona, tsutsa ta shiga wake, rijiyar bakin masallaci ta ja baya. Da babban yatsa nake bugawa a waya, a kan tudun bayan makaranta, don nan kaɗai sabis ke tsayawa. Rubutuna ba aya ba waƙafi, amma ana karantawa.

Masu karatuna na gaske su ne 'yan ci-raninmu, masu tura baro a Legas, masu yankan farce a Fatakwal, masu gadi a Abuja. Ba sa yarda da labarin ruwa daga bakin 'yan gida, domin uwa mai kewar ɗanta ko yayyafi aka yi sai ta ce an kwana ana sheƙawa. Ni suke jira. In an yi ruwa sai na je gona na tona da hannu, in laima ta wuce tsawon tafina sannan na rubuta: an yi ruwan shuka, ku taho. Ban taɓa taso su a banza ba.

Sai ƙanin nan nawa ya zo hutun Sallah. Sana'arsa ke nan, ƙera wa kamfanoni shafuka. Ya duba nawa ya kwashe da dariya, ya ce, "Yaya, wannan ai rumfar 'yan gwangwan ce." Na ba shi lambar sirrin na ce to gyara mu gani. Tsakani da Allah ya gyara. Ya yi masa launin ganyen gero, ya ɗora hoton rumbuna a sama, baƙaƙen suka yi ɓaro-ɓaro har tsofaffi na iya gani. Mako guda ina yawo da waya majalisa-majalisa ina nunawa. Abin da ban sani ba, wai a birni ba a barin shafi ya kwana shiru. Sai ya saita na'ura ta riƙa maimaita tsohon rubutuna duk ranar da ya cika shekara. Ya ce ya gaya mini. Wataƙila ya faɗa, da Turanci.

Ana tsakiyar bazara, rana na gasa mu, ko ƙyallin hadari babu, sai ga mota ta tsaya a bakin titi tana sauke mutanenmu da jakunkuna. Na farkon dirowa taubashina ne, daga Legas. Ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya shure ta da ƙafa, ta tashi fari fat. Ya hango ni a rumfar mai shayi ya ɗaga murya, "Kai mai bulog, ina ruwan? Ko akuyarka ce ta shanye?" Ya miƙo mini wayarsa. Ga rubutuna na ruwan shukar bara, ya hau sama sabo fil kamar jiya na yi shi.

Washegari wata motar ta zo, jibi ma haka. Garin ya cika tun ba a ga ɗigo ba. Ban taɓa shan tsiya irin ta kwanakin nan ba, kuma ban taɓa ganin ƙauyenmu da daɗi haka ba. In na gifta sai wani ya miƙa tafi yana duban sama. Taubashin nawa ya samo tsohuwar lema, ya riƙa bi na da ita har ƙofar masallaci yana cewa kar Malam ya jiƙe. Matata ma ba ta bar ni ba, ta tsaya da bokitin wanki ta ce, "Malam, in shanya ko kana da labari?" Da zaman ya ishe su sai suka haɗa gayya, aka kwashe takin gida-gida aka kai gona, aka yaɓe rumbuna, aka gyara dangar makabarta da ta shekara a kwance. Da yamma a baje tabarmi ƙarƙashin darbejiya, kowa da ƙaryarsa ta kudu. Na yi dariya har cikina ya ƙulle.

Wani dattijo ne ya tsinka mini ita, mai gadi a Abuja, wanda ya baro ƙofar da yake gadi wani ya maye gurbinsa. Bai zage ni ba. Cewa ya yi a hankali, "Baɗi in ka rubuta, sai na kira gida na ji tukuna." Wannan ta fi lemar zafi.

Ruwan ya zo bayan kusan mako uku, mai kyau kuwa. Na rubuta, ba wanda ya karanta, duk suna gona da sungumi. Ina gama shuka na shiga motar Kano a Bici.

Na sami ƙanin nawa a bene, gaban kwamfuta biyu. Ya tashi da fara'a, "Yaya, sannu da zuwa! Ka ga yadda ake shiga shafinka kwanan nan?" Na gaya masa abin da ya faru. Ya gyara gilashinsa ya ce ai ba ƙarya ba ce, tsari ne, kuma akwai kwanan wata a ƙasa.

Na ce, "Kwanan wata? Mai tura baro a rana shi zai tsaya ƙirga 'yan ƙananan lambobinka? Kashe abin nan yanzu ina kallo. Sannan ka rubuta a sama da manyan baƙaƙe cewa kai ka yi, ba ni ba, ka ɗora hotonka da wannan gilashin. Daga yau ko sallama ba za ta hau shafin nan ba sai ni na buga ta. Kuma ranar noman firi ka zo gida, kar ka sako takalmin ofis. Na ware maka kunya goma, kusa da taubashinka mai lema."