Ranar da Gangarmu ta Zauna a Bariki

Har gobe ba na mantawa da ranar da sojoji suka zo filin ƙwallon kamfani suka tafi da Ghissa da gangarmu a mota ɗaya. Ku da kuka shigo aiki daga baya kuna jin ana cewa mun taɓa yin fanfar, kuna dariya, to ku zauna ku ji yadda ta ƙare.

Farkon shekarun casa'in ne. Farashin uranium ya faɗi, kamfani na ta sallamar ma'aikata, fari ya gama da dabbobin daji, ga tawayen Abzinawa ya ɓarke a duwatsun Ayar. Hanyar Agadas ba ta biyuwa sai da rakiyar soja. Ba mai kwanciyar hankali a Arlit, ko ƙofar mota aka buga da ƙarfi sai ka ga kowa ya waiwaya. Ni ina gyaran lantarki a garaji, da yamma kuma ina buga ƙaramar ganga a fanfar, wato ƙungiyar masu ganga da busa ta kamfani. Shugabanmu shi ne Shef Issoufou, mutumin Damagaram, tsohon adjidan, muƙamin da ke sama da saje a soja. Mutum ne mai gaskiya, amma in ya kafe a kan abu, sai Allah.

A shekarar nan an shirya gasar fanfar tsakanin garuruwan ma'adini, har da ƴan Tchirozérine masu haƙar gawayi, waɗanda suka saba ba mu kashi. Shef parsonel, mai kula da harkar ma'aikata, ya gaya mana ƙiri-ƙiri cewa in ba mu ciwo wani abu ba, za a rufe fanfar. Sai Shef Issoufou ya ce bana ba za mu je da kiɗan maci da kowa ya haddace ba, kiɗan manyan Turawa na da za mu yi, irin wanda ake zama a yi tsit a saurara.

Ya zo da kaset uku da wani injiniya ya bari da zai koma ƙasarsu. Muka zauna a inuwar garaji muka kewaye rediyo. Na farko duk goge ne, a hankali, har wani ya ce wannan ai sai gidan rasuwa. Na biyu ya fi ƙarfin masu busarmu. Na uku ya fara shi ma kamar ba zai yi komai ba, sai can wajen ƙarshe ganguna suka haɗu, aka shiga harba igwa a cikin kiɗan, igwa ta gaske. Shef ya miƙe tsaye.

"Wannan. Ban son jin wata magana."

Na ce, "Shef, to igwar fa? A ina za mu samo ta?"

Ya ce, "Mu da muke fasa dutse kullum, ƙara ce za ta gagare mu?"

Shi kaɗai ya iya karanta rubutun kiɗa, mu da kunne muke koyo. Muna juya kaset da biro don kada batir ya ƙare. Masu walda kuma suka yanko tankin gazuwal, wato man dizal, na wata babbar motar ɗaukar dutse da ta mutu, suka ɗora shi kan ƙafafun amalanke, don mu yi ƙatuwar ganga a madadin igwa. Fata ce ta rage, sai Ghissa ya kawo. Ghissa direba ne, Ba'abzine daga Gougaram, dogo, ba ya rabuwa da rawaninsa. Fari ya cinye garkensu, ya kwaso iyayensa da ƙannensa ya ajiye su a bukkokin bakin gari, duk suna ci daga albashinsa. Fatar raƙuminsa na ƙarshe ce ya ba mu. Da aka ɗaure ta, kowa ya san shi zai buga, domin ba mai damtsensa a cikinmu.

A nan wautarmu ta fito. Kun san ƙa'idar karye, wato ramin da ake haƙa: ba a tayar da nakiya sai an busa jiniya tukuna. Duk Arlit da wannan aka tashi. In jiniya ta yi, ƙasa ta girgiza, mata ba sa ko ɗaga kai daga turmi. Amma ƙara ba jiniya, a shekarun nan, ma'anarta ɗaya ce: an kawo hari. Mu da muke aikin nan kullum, mu fiye da ashirin, ba wanda ya tuna. Har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci.

Bayan la'asar muka ja gangar zuwa fili. Ƙananan ganguna suka ɗauka, Shef ya ɗaga hannu, Ghissa ya sauke gudumar katako. Na ji ƙarar a cikina kafin in ji ta a kunne. Ya sake, ya sake. Muna ta murna, ba mu san kasuwa ta watse ba. Mai tsire ya bar tsirensa a wuta, mata na ta kiran sunayen ƴaƴansu, masu kanti sun ja ƙofofi. Ba mu ankara ba sai ga motar soja. Abin da suka tarar shi ne mutum mai rawani tsaye bayan wani ƙaton ƙarfe mai ƙafafu. Ba su tambayi kowa komai ba, suka ɗora shi da gangar a mota.

Sai ku fahimci wani abu. A lokacin, Ba'abzinen da ya kwana a bariki ana iya wucewa da shi kudu, kuma ba mai ce maka ga ranar dawowarsa. Ko an sake shi, kamfanin da ke neman dalilin sallama ya samu.

Shef ya maƙala tsohuwar lambarsa ta soja a ƙirji, ni na rungumi rediyo, muka bi su. Kumandan, shugaban barikin, ya fito tsakar fili. Ghissa na zaune a ƙasa, an cire masa rawani, yana rufe bakinsa da hannu don kunya. Gangar na gefensa. Shef ya ƙame ya sara, ya yi bayani, na kunna kaset. Batir ya yi sanyi, kiɗan na ja kamar mai jin barci, amma igwar ta fito. Kumandan bai yi dariya ba.

Ya ce, "Na yarda kiɗa ne, adjidan. Amma wata tsohuwa ta karye a kasuwa, kuma an riga an buga waya sama an ce an ji harbi a Arlit. Za a tambaye ni me na kama. Dole wani abu ya zauna a nan, ko gangar ko mai buga ta."

Na ɗauka kafin ya rufe baki Shef zai amsa. Sai na ga ya juya ya kalli gangar. Ya daɗe yana kallonta.

"Mon kumandan," in ji shi, "gasar ta kusa. Ba yadda za a yi…"

Wallahi na ji kamar in rotsa masa rediyon a kai. Na ce, "Shef!" da ƙarfin da ban taɓa yi wa babba ba. Ya yi firgigit, ya dubi Ghissa, ya sunkuyar da kai.

"A riƙe gangar."

Aka miƙa wa Ghissa rawaninsa, muka fito da ƙafa.

Mun je gasar. Mun yi kiɗan, amma duk inda igwa za ta tashi sai wurin ya zama fanko, alƙalai na kallon juna. Ƴan Tchirozérine suka sake cinyewa, ba da daɗewa ba aka rufe fanfar. Ghissa ya tsira da aikinsa, sai dai tun daga ranar bariki bai ƙara taka filin nan ba. Yana gaida Shef da ladabi in sun haɗu, iyakarta ke nan. Shef ya aike ni wurinsa ban san sau nawa ba. Ranar da na matsa masa, na ce ai mutumin nan shi ya fitar da kai, sai ya gyara rawaninsa ya ce mini da Hausarsa:

"Na sani, ɗan'uwa. Amma ganga ya fara duba. Ni ina ƙasa, ina gani."

Shef Issoufou ba mugu ba ne, ni shaida ne. Abin da na gane shi ne mu masu aikin hannu muna son kayan aikinmu har son ya wuce misali, kuma ba ma sanin haka sai ranar da aka ajiye mutum kusa da su. Yau wasunku shugabanni ne, wasu za su zama gobe. In ranar ta zo, a tsakanin inji da mutum, kada ku tsaya lissafi ko na numfashi ɗaya. Amsar da za ku bayar daga baya daidai ce, amma shi wanda ke zaune a ƙasa ya riga ya ga inda idonku ya fara zuwa.