Ƙafar Bayan Keken Babanmu

A shekarar da aka ƙwace mini babur a hanyar daji, masara ta yi kyau kamar da gayya. Gonata tana can bayan ƙauyenmu ta ɓangaren Kazage, inda gonaki ke ƙarewa daji ya fara. Mun karya masarar, mun tara ta a gindin wata ɗorawa mun rufe da kara, sai abin kwaso ta ya gagara. Masu mota sun ce ko me za a ba su ba za su shiga ba, ban kuma ga laifinsu ba. Masu babur kowa ya kulle nasa a ɗaki, don ƙarar injin ita ke kiran masu bindiga. Ga birai na fitowa daga dajin Kamuku suna ɗiba kamar da su aka yi noman, ga lokacin ƙona daji ya matso. In wuta ta riga ni isa gindin ɗorawar nan, abincin gidana na shekara ya tafi ke nan, ni da matata da yara huɗu.

Na gwada ɗauka a ka. Rabin buhu na ɗauko, na iso gida wuyana kamar ba nawa ba, na kuma san da wannan tafiyar wuta ce za ta ci rabo mafi tsoka. Matata ce ta tuna mini da keken babanmu, wanda ke rataye a zaure tun rasuwarsa. Keke ba ya ƙara, yana bin 'yar hanyar ƙafa, yana kuma ɗaukar buhu in ka iya ɗauri. Na sauko da shi, na kakkaɓe yanar gizo. Ƙafar gaba lafiya lau. Ta bayan ce ta mutu murus: tsatsa ta cinye gargaren, wayoyin da ke riƙe shi da cibiya rabinsu sun tsintsinke.

A Birnin Gwari na samu sabon gargare da wayoyi masu kauri irin na 'yan dako, da ɗan makullin da ake ɗaure su. Mai haɗawa ne babu. Masu gyaran keken da na sani duk sun koma gyaran babur, guda ɗayan da ya rage kuwa ya ce in dawo bayan kasuwa biyu. Na ce masa wuta ba ta san ranar kasuwa ba, na kwashi kayana na fito ina huci. Ni da na yi shekaru ina kwance injin babur ina mayarwa, ƙafar keke ce za ta gagare ni?

Washegari da hantsi na baje a ƙofar gida, na jingina ƙafar gaba a jikin bango ina kwaikwayon saƙarta. Kowace waya tana fitowa daga ramin cibiya, ta gitta 'yan uwanta uku, sannan ta shiga ramin gargare a kama ta da ɗan noti. Wata ta dama, wata ta hagu, a jere. Na zura, na ga na tsallake rami, na zare. Na sake zurawa, na ga na toshe wurin da bakin famfo zai shiga, na sake zarewa. Ana kiran azahar na gama, duk wayoyin suna wurinsu, suna reto sako-sako. Na ji daɗi ƙwarai, har na kira matata ta zo ta gani.

Saura ɗauri, kuma nan ne nake ganin babu wanda ya fi ni. Mu manoma ɗauri ɗaya muka sani: in ka kama igiya, ka ja ta sai ta yi kuka, ka ƙulle, ka wuce ta gaba. Haka muke ɗaure dami, haka muke ɗaure zana, haka na ɗaure kaya a bayan babur ban taɓa zubar da na kowa ba. Na kama wayar farko na murɗa ta sai da makullin ya ƙi motsi. Na wuce ta kusa da ita, na yi mata haka. Ban kai rabi ba na ga cibiya ta gudu gefe guda. Na ce za ta dawo in na zagayo. Na ci gaba da murɗa ina gumi, sai na ji wata 'yar ƙara, gargaren ya lanƙwashe a hannuna kamar faifan da ruwa ya doka ya bushe a rana.

Na yi jifa da makullin. Raina ya ɓaci, tsoro kuma ya shige ni, don sabon gargaren ke nan, ba ni da hanyar wani.

Maƙwabcinmu yana zaune a ƙofar gidansa tun ɗazu yana kallona. Tsoho ne da ya zo daga kudancin Kaduna tun muna yara, ya yi gona a nan ya zauna, kowa Baba yake ce masa. Shi ke sa wa gangunan cocinsu fata in ta fashe. Bai taɓa hawa keke ba a rayuwarsa, ko goyo aka ce a yi masa sai ya ce ƙafarsa ta ishe shi. Ya taso a hankali, ya tsinto makullin ya miƙo mini.

"Ɗana, akuya kake ɗaurewa ne?"

"Baba, don Allah ka bar ni da abin da ya dame ni."

"Zan bar ka. Amma ni in na ja fatan ganga haka, daga gefe ɗaya, ai yagewa zai yi. Abu mai zagaye ba a gama masa gefe ɗaya. Ka ja nan kaɗan, ka tsallaka ka ja na gabansa kaɗan, ka yi ta zagayawa. Kwance duka mu gani."

Na ce ƙarfe ne wannan, ba fata ba. Ya ce to, ya tsuguna, bai kuma tafi ba. Don in huta da shi na fara kwancewa, sai ga gargaren yana miƙewa da kansa, kaɗan-kaɗan, yayin da wayoyin ke saki. Da na gama na kwantar da shi a kan dandamalin siminti, ya kwanta kusan daidai. Ban ce wa Baba ya yi gaskiya ba, matsa masa dai na yi a kan tabarma.

Muka fara daga farko. Kowace waya juyi ɗaya, in zagaya. Sannan rabin juyi, in sake zagayawa. Hannuna na ƙaiƙayi in murɗa da ƙarfi, Baba na cewa, "A hankali, ba gudu za su yi ba." Da suka fara tauri sai ya sa farce ya kaɗa ɗaya, ya kara kunne, ya kaɗa ta kusa da ita. "Wannan yana magana sama, wannan yana barci. Tashe shi." In ƙara wa mai barcin kaɗan, in rage wa mai tsiwar. Ni mutumin da kunnensa ya saba da rurin inji, ga ni ina sauraron waya kamar mai gurmi.

Da la'asar na kifa keken, sirdi a ƙasa, na ɗaura ƙafar na juya ta. Tana layi, tana ɗan tsalle. Wannan dabarar kuma tawa ce: na riƙe gawayi a jikin ƙarfen keken dab da gargaren, duk inda ya karkato sai gawayin ya shafa masa baƙi. In ya karkata dama, in sassauta wayar dama in ɗaure ta hagu, ɗan kaɗan kamar mai sa gishiri a miya. In goge, in sake juyawa. Baƙin ya yi ta gajarta. Na cire ƙafar na kwantar a ƙasa na danna da tafukan hannu ta ko'ina, wayoyin suka yi 'yan ƙararraki suna zama a mazauninsu, na mayar na sake bi da gawayi. Can na juya ta, ta yi ta gudu shiru, gawayi bai taɓa ko'ina ba. In ba ka ga wayoyin na walƙiya ba sai ka rantse a tsaye take.

Baba ya kaɗa wayoyin a jere da bayan farce, duk murya ɗaya. Ya miƙe yana dafa gwiwa, ya ce, "To, makaɗi, sai ka je ka yi aiki."

Da safe na bi ayarin masu zuwa gona. Na ɗora buhu a kariyar baya, na cusa wani a tsakiyar keken, na kama kan keken na turo. A gangaren rafi, inda duwatsu suke, na yi ta jiran in ji waya ta tsinke. Ba abin da ya tsinke. Da na hau tudu na tsaya na juya ƙafar na duba, tana nan yadda na bar ta. Sauran sun yi gaba, ni kaɗai a hanya na yi dariya har da hawaye. Daga ranar ban zauna ba, in je in dawo, in je in dawo, kafin rana ta yi sanyi kowa ya bar daji. Ranar da na ɗauko buhun ƙarshe, hayaƙi ya riga ya tashi ta yamma da gonar, ina jin ƙamshin ciyawa na ƙonewa. Na tsaya na dubi gindin ɗorawar, babu komai sai kara da ɓawo. Na ce wa wutar bismillah, ga wuri nan.

Buhu guda na sauke a ƙofar Baba, ya yi ta faɗa wai shi me ya yi, na bar shi yana yi. Da yamma matata ta tuƙa tuwon sabuwar masara da miyar kuɓewa. Muna cikin ci ƙaramar 'yarmu ta miƙa kwanonta ta ce a ƙara mata. Uwarta ba ta leƙa tukunya ba, ba ta kuma dubi fuskata ba. Ta karɓi kwanon ta cika mata shi.