Bauna Mai Cizon Akuya

Wata ranar Laraba ce, a kakar shekarar da na shiga aji biyar a Kakangi, na zauna bayan rumbun masararmu da kati biyu a cinyata, na rasa wanda zan ɗauka. Duka biyun bauna ce, hoto ɗaya, lambar ƙarfi ɗaya. Ɗaya sabuwa dal, ƙamshin biskit ɗin da na ciro ta ciki ma bai sake ta ba. Ɗayar kuwa ta sha hannu har ta yi laushi kamar tsohon zani, ga shi akuyar Inna ta gutsure mata kusurwa ranar da na ajiye ta bakin turmi na tafi rijiya.

A lokacin, katin dabbobi ya ɗauke hankalin yaran garinmu kaf. Muna musayarsa a hanyar makaranta, a wajen ɓarar masara, har a bakin daji in an aike mu itace. Dokar wasan ba wuya. Kowa zai zo da kati goma, kuma ba a yarda da dabba iri ɗaya sau biyu ba. Wannan ya kife nasa, wancan ya kife nasa, a buɗe, mai babbar lamba ya cinye. Wanda ya fara cin shida, wasa ya ƙare. Gindin tsamiyar bayan makaranta ne fagen, kuma Sabi'u ɗan mai injin niƙa, wanda shi kaɗai ke da zaki, ya yanke hukuncin cewa wurin ba na mata ba ne. Da na ƙi tashi, sai ya ce mu buga, in ya cinye ni kada a sake ganin ƙafata a nan.

Yaya Nura ya same ni a bayan rumbun ina ta juya katin, ya girgiza kai. "Ke Ladidi, kanki ɗaya kuwa? Wannan mai cizon akuyar ai ko daga baya kowa ya san ta. Sa sabuwar." Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ma na ƙara jin haushi. Da ita na fara wasa, da ita na ci rabin katin da ke hannuna, yanzu kuma sai in ɓoye ta don an san fuskarta? Na cusa sabuwar cikin jinkar rumbu, na tafi da tsohuwata.

Muna zama, na jera katina yadda gutsurarriyar kusurwar za ta leƙo sama. Sabi'u ya gan ta, ya yi dariya har da buga cinya. Zakinsa ne kaɗai ke iya cin bauna, don haka ya ja shi gefe ya riƙe yana jiran ta. Na kife kura, na ci dilarsa. Ya ci min zomo, ya ci barewa, yara suka yi ihu. Duk sanda na kai yatsa kan baunar sai ya gyara zama, ni kuma in zaro ta kusa da ita. Fuskata a ɗaure tamau, na yi ta cinye masa kati ɗaya bayan ɗaya. Sai da wani yaro ya ce, "Kai, Ladidi ta ci shida!" sannan Sabi'u ya dubi hannunsa. Zaki na nan kwance bai ci kowa ba, baunata kuma ko ƙasa ba ta taɓa ba. Washegari na zo da ƙawayena, muka baje a inuwar da ta fi sanyi.

Yau ba mai aiken yaro itace bakin dajin nan. 'Yan bindiga sun watsa mu, Inna ta rasu a gidan haya a Kaduna tana tambayar ko an yi shuka. Ina kewar tsamiyar nan ƙwarai, har da dariyar Sabi'u. Bara Yaya Nura ya kawo shawarar mu sayar da gonar Kakangi mu sayi wata kusa da birni, wai girmansu ɗaya, kuma wannan ba wanda ya sa mata ido. Na ce masa ya sayar da rabonsa in yana so, nawa ba na sayarwa ba ne. Ya dube ni ya girgiza kai, irin yadda ya yi a bayan rumbu.

Gonar nan an gutsure ta, kowa kuma ya san ta, amma har yanzu a hannuna take.