Yafiyar da Na Kai Moroni

Da sunan Allah nake farawa. Ni ke faɗa, autata Hadiza ke rubutawa, don ni ban yi boko ba. Ku 'yan'uwana na Damagaram da kuka yi ta tambaya a waya, ga yadda tafiyar ta kasance. In kun ga magana ta yanke, kuka ne ya tsayar da ni.

Kun san Malam ya rasu bara a Moroni, babban birnin tsibiran Komoro, can cikin teku a gabashin Afirka. Bikin amininsa Ali ne ya kai shi, mutumin can, wanda suka tsufa tare a kan inji ɗaya a wata masana'anta a Lyon ta Faransa. Ni ciwon gwiwa ya hana ni bin sa. Zuciyarsa ta tsaya bayan la'asar, washegari da hantsi aka rufe shi. A gida, kafin a fita da namiji, ana kiran matarsa ta durƙusa gaban makara, ta ce ta yafe masa, ta roƙa masa gafara. Ni ba a kira ni ba. Waya aka miƙo mini. Na yi takabata a hawa na shida ina kallon motoci ta taga, maganar nan tana maƙale a wuyana. Ita na ɗauka na kai masa.

Lyon zuwa Paris

Muna sallame asuba muka fita daga unguwarmu Vaulx-en-Velin, gari bai waye ba. Bas, sannan metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, sannan wani metron zuwa tashar Part-Dieu. Akwati biyu muka ja. Ɗaya tufafinmu, ɗaya kayan sadaka, a tsakiyarsa goro fari da ja da na sayo a shagunan unguwar Guillotière, na naɗe shi da jiƙaƙƙen tsumma. Malam ba ya rabuwa da goro. Na ce sadakarsa ba za ta cika ba sai da shi.

Jirgin ƙasa awa biyu ne zuwa Paris. Da mai duba tikiti ya zo, sai na juya gefena ina jiran Malam ya ciro daga aljihu. Tunda aka kawo ni ƙasar nan ban taɓa riƙe takardar tafiyata da hannuna ba. Hadiza ta gani, ta miƙa wayarta aka duba.

La Courneuve

Jirginmu na sama sai dare, don haka muka yini a gidan ƙanen Malam, Alhaji Mamman, a La Courneuve da ke gefen Paris. Matarsa ta yi mana tuwo da miyar kuka. Ina cikin wanke hannu Alhaji ya soma.

"Yaya, addu'a ba ta neman biza. Daga nan ma tana isa."

Na ce, "Kai dai tsoron teku kake ji, shi ya sa ka zama malami yau."

Ya yi dariya, dariyar ta koma hawaye, ya share da hularsa. Can ya ce, "Amma kin san mace ba ta shiga maƙabarta. Kada ki sha wannan wahala a tsayar da ke a ƙofa."

"Na sani. A nuna mini ɓangaren da yake, in tsaya bayan katanga."

Haka na faɗa, amma maganarsa ta bi ni har filin jirgi. In katangar doguwa ce fa? In maƙabartar mai faɗi ce, yana can tsakiya?

Addis Ababa

Mun kwana a sama, muka sauka Habasha da sassafe don sauya jirgi. Duk tsohuwar da za ta bi hanyar nan, 'ya'yanta su nema mata keken turawa tun wajen sayen tikiti. Ni na ƙi don kunya, na ce ba gurguwa ba ce ni. Kafin mu kai ƙofar jirgi na biyu, gwiwata ta kumbura. Ku riƙe mayafi mai kauri a hannu, akwai sanyi. Magungunanku da katin rigakafi su zauna cikin jakar hannu, kada ku sa su a akwati.

Moroni

Bayan azahar muka sauka. Filin jirgin ba cikin gari yake ba, yana wani wuri da ake kira Hahaya. A nan ake buga biza, kuma kuɗi a hannu suke karɓa. Ku riƙe yuro ƙanana, kada ku dogara da kati, na'urar cire kuɗi ba kullum take aiki ba.

Ɗan duwan, mai binciken kaya, ya buɗe akwatin sadaka, ya warware tsumman, ya shinshina. Ya tambayi Hadiza da Faransanci ko magani ne. Ta ce abin taunawa ne na mutanenmu, sadakar mahaifinta ce da ya rasu. Ya gutsuri kaɗan, ya yamutsa fuska, ya ce, "Mama, ki wuce, Allah ya ba ki haƙuri."

Ali yana jiranmu a waje. Ya rame. Ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji, ya ce, "Sannu, Hajiya," da 'yar Hausar da Malam ya koya masa.

Daga filin jirgi zuwa gari kamar rabin awa ne a taksi. Ku yi ciniki kafin ku shiga. Teku a dama, babban dutse mai aman wuta a hagu, kansa cikin gajimare. Abin da ya tsaya mini a rai ƙasar ce. Ba yashi irin namu. Baƙin dutse ne ko'ina, kamar gawayin da aka zubar, har bakin ruwa. Na ce a raina, ta yaya aka haƙa wa Malam makwanci a cikin wannan? Ku zo da takalmi rufaffe, duwatsun suna yanka ƙafa.

Gidan da muka sauka yana gefen gari, a kan tudu. Na ce wa Ali gidansa ya yi kyau. Matarsa Zainaba ta yi dariya ta ce, "Gidana dai. Shi baƙo ne kamar ke." Ashe a can mace ake gina wa gida a filin uwarta, miji ne ke tarewa. Na ce Hadiza ta rubuta wannan da kyau don ku ji.

Sun ba mu shinkafa da ganyen rogo da aka dafa da ruwan kwakwa, da soyayyar ayaba ɗanya, da kifi. Ruwan gidan na sama ne da ake tarawa a rijiyar siminti, don haka ruwan sha ku sayi na kwalba. Wuta tana ɗaukewa, ku zo da tocila da gidan sauro, ku sha maganin zazzaɓi tun kafin ku taso. Na so in tambayi maƙabarta a ranar, Zainaba ta ce baƙo sai ya ci ya huta tukuna. Na kwanta a ɗakin baya, tagarsa tana kallon itatuwan ayaba. Rabona da barci irin na ranar tun Malam yana da rai.

Da safe matan unguwa suka zo gaisuwa, wasu fuskarsu shafe da farin ƙullin itace mai ƙamshi. Na fito da goro na raba. Suka karɓa da hannu biyu, suka gutsura, na ga suna ɓoye sauran a bakin zane. Ba su san shi ba. Na ji kunya, na ji kamar sadakar Malam ta faɗi ƙasa. In za ku je, kada ku kai goro, ku kai turare da atamfa da dabino, su suka yi farin jini.

Da suka watse na kama hannun Zainaba. Faransancina na kasuwa ne, Hadiza ta taimaka. Na ce, "'Yar'uwa, ba zan saɓa muku al'ada ba. Ki kai ni bakin katanga kawai, ki nuna mini ɓangaren da yake."

Ta ce, "Wace katanga?"

"Ta maƙabarta."

Ta dubi Ali, ta dube ni. "Ba a faɗa miki ba? Ba mu kai shi maƙabartar gari ba. Na ce wa Ali, mutumin nan ba shi da kowa a tsibirin nan, in aka sa shi cikin jama'a wa zai san wurinsa? Na ba shi wuri kusa da uwata. Filina ne, ba mai hana ki."

Ta ja ni muka zaga ta bayan madafa, muka shiga cikin ayabar nan. Ga kaburbura kaɗan, kowanne an kewaye shi da baƙaƙen duwatsu. Na ƙarshen ya fi sauran sabunta. Na ɗaga kai, sai ga tagar ɗakin da na kwana.

Gwiwar da ta hana ni bin sa, na lanƙwasa ta a kan dutsen. Na yi masa sallama. Na ce, "Malam, ni ce. Na makara, ba a kira ni ba. Na yafe maka duniya da lahira, abin da na sani da wanda ban sani ba. Kai ma ka yafe mini. Allah ya yalwata maka." Sauran abin da na faɗa tsakanina da shi ne, na ce Hadiza ta ɗaga alƙalami.

Da na juyo, Ali yana tsaye nesa kaɗan, da jan goro ɗaya a hannunsa, cikin wanda matan suka bari a faranti. Ya sa farce ya tsaga shi biyu yadda mutanenmu ke yi. Ya ce kullum lokacin hutu a wurin aiki haka Malam ke yi, ya ba shi rabi. Da farko tofarwa yake yi a ɓoye, har ya saba. Ya jefa rabi a baki. Ya tsaya da ɗaya rabin a tafin hannu, yana duban kabarin. Sai na miƙa hannu. Ni da na yi ta yi wa Malam faɗa goro ya ɓata masa haƙora, na tauna shi duka.

Komawa

Mun yi mako guda. Kowace safiya nakan zaga in gaishe shi. Na ga tsohon masallacin Juma'a fari a bakin ruwa da babbar kasuwa, amma ba su na je gani ba. Ranar tafiya ku isa filin jirgi da wuri, layin yana da tsawo. Wannan karon na hau keken turawa ba gardama. Muka biyo ta Habasha, muka sauka Paris, Alhaji Mamman ya tarye mu. Ya ce, "Yaya, an bar ki?" Na ce, "Har na kwana kusa da shi." Ya raka mu har tasha.

Mun shiga gida da la'asar. Takalman Malam suna nan bakin ƙofa inda ya bar su. Na yi kuka, har yanzu ina yi, amma wuyana ya saki.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Na gode wa Hadiza, Allah ya ba ta masu yi mata. Zainaba kuwa, ku sa ta cikin addu'a ko ba ku san ta ba. Na ce kada ku kai goro Moroni, to na gyara: duk wanda Allah ya kai, ya riƙe ko ƙwaya goma ne ya kai wa Ali. Shi kaɗai ke ci a unguwar, kuma yanzu ba mai ba shi rabi.