Na'urar Duba Motar Baba

Jiya mai shago a Ƙofar 'Yandaka ya jera mana na'urori biyu na duba lafiyar mota. Baba ke nema, don jar motarshi ta tsere. Tun da ya yi ritaya ba ya barin bakanike ya taɓa ta.

Ɗaya da allonta, tana nuna matsala ɓaro-ɓaro. Ɗayar sai an haɗa da waya.

Baba ya ɗauki ta wayar.

Na ce, "Baba, kai da ko saƙo sai an buɗe maka?"

Ya ce, "Shi ya sa. Duk ran da fitilar inji ta kama, dole ka zo gida."

Gari ɗaya muke, amma rabona da gidan tun Sallah.

Ku fa, yaushe rabonku da gida?