Takardar da Na Ɗinke Cikin Fata

Na rasa rumfata a kasuwa saboda wani shafin intanet mai fuska biyu.

Ni baduku ne. Tun ina saurayi nake ɗinkin jaka da kube a wuri ɗaya. Da aka rushe layinmu don a sake gini, ƙungiyar dukawa ta ce a shafinta za ta sanar da ranar rabon sababbin rumfuna. Sakataren ƙungiyar, wani mai taushin hannu da bai taɓa riƙe basilla ba, ya ba kowa 'yar takarda mai rubutu layi biyu.

Ya ce, "Baba, wannan sirrinka ne. Kada ka nuna wa kowa."

Ban yi boko ba, amma na san yadda ake adana sirri. Na naɗe ta, na ɗinke cikin jar fata kamar laya, na rataya a wuya.

Duk Litinin nakan taka zuwa unguwar Gawon Nama, shagon wata Madam, tsohuwar malamar makaranta mai buga wa mutane takardu. Takan buɗe shafin a kwamfuta ta gaya min abin da ke ciki: hoton shugaba, hoton sakatare yana washe baki, sai "A saurari sanarwa." Sau biyu tana tambayata ko an ba ni lambar shiga. Na ce ba a ba ni abin da zan nuna mata ba.

Ran da na ga maƙwabcina yana shafa fenti a ƙofar sabuwar rumfa, na koma wurinta, na farke ɗinkin a gabanta.

"Haba Baba! Ai makullin ne ka rataya a wuya!"

Ta buga layukan biyu. Shafin nan dai ne, amma hotunan manya sun kau. Ga sunana a sama, ga ranar rabo, ga fam na cikewa. A ƙasa da jan rubutu: an rufe. Sati uku ke nan.

Na sami sakatare a ofis yana danna waya.

"Mi ya hana ka shiga, Baba? Kowa ya gani."

"Kai ka ce kada in nuna wa kowa."

"To, na ce ka ɗinke ta?" Abokansa suka kwashe da dariya.

"Kullum kana wuce ni a hanyar masallaci. Bakinka ciwo yake yi?"

Ya ce yanzu zamanin na'ura ne. Na dubi takalmin ƙafarsa. Ɗinkina ne. Na juya na fito.

Da a bango suka manna sanarwar, duk mai wucewa abu ɗaya zai gani. Sai suka yi shafin da ke nuna wa na waje haƙoransu, ya ɓoye maganar a ciki. Rumfar tawa wani mai sayar da rigunan waya na roba aka ba.

Yanzu ina gindin dogonyaro kusa da Ƙofar Atiku, kan tabarma, da basillata. Mai son ganin aikina ya zo ya gani, ba na tambayar kowa lamba.