Rigar Lamba Goma da Ƙafar Ƙanena

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. Ina roƙon a ba ni fili in sauke wani kaya da na daɗe ina ɗauke da shi, kuma ba zan ambaci sunan kowa ba, waɗanda suka san abin sun san shi. A lokacin ni saurayi ne mai gyaran babur a Filinge, na kusa shekara talatin, hannuna kullum cikin baƙin mai, bakina kuwa ya fi hannuna aiki. Ban taɓa zama gwanin ƙwallo ba, amma a fadarmu ta shayi ba wanda ya isa ya ja da ni in ana maganar balo, wato ƙwallon ƙafa. Da wannan surutun 'yan unguwa suka ɗora mini ragamar ƙungiyarmu. Ni ne mai zaɓen 'yan wasa, ni ne mai koyarwa, ni ne kuma mai rigima da alƙalin wasa. Na ɗauki kaina wani abu, kuma ko da an ce mini girman kai rawanin tsiya ne, a wancan lokacin ba zan ji ba.

Duk hutun damina na lakwal, wato makarantar boko, akan shirya gasa tsakanin unguwanni. Ƙungiyar da ta tsone mana ido ita ce ta unguwar kawuna, wan mahaifiyata, kuma ɗansa ne yake jagorantarta. Taubashina ne, tun muna yara muke tsokanar juna, ya ce ni bawansa ne, in ce shi ne nawa. Shekara biyu a jere suna fitar da mu, kuma duk ranar da suka ci mu sai ya biyo ta garejina ya tambaye ni ko ina gyaran ƙafafu ma, don akwai goma sha ɗaya da ke bukata. Mutane su yi ta dariya, ni ma in yi yaƙe, amma abin yana cina a rai.

Yadda ya haɗa ƙungiyarsa ba wani asiri a ciki. 'Ya'yan manoman unguwa ne, da 'yan lise biyu, wato 'yan sakandare, Zabarmawa daga Tondikandiya da suke zaune a gidajen unguwar, da wani Bafillace ɗan makiyaya daga wajen Sanam, siriri, wanda in ya ɗauki ƙwallo sai dai a bi shi da kallo. Matsalar kowace ƙungiya a garinmu ita ce gasar tana faɗowa tsakiyar noma, ba uban da zai saki ɗansa ya tafi guje-guje alhali ciyawa tana cin hatsi. Sai taubashina ya mai da ƙungiyar gayya. Da safe su ɗauki hauya su yi gonar uban wannan, gobe ta uban wancan, da la'asar kuma iyaye su sallame su zuwa fili da sa albarka. Suna da wata al'ada kuma: rigar lamba goma ba ta kowa ba ce. Kafin kowane wasa sai su zauna su ba wanda ya fi himma a gona da fili a wannan makon. Yawanci Bafillacen ne yake ɗaukarta. Ni kuwa na sa musu suna ƙungiyar hauya, ina cewa in noma ne ƙwallo da shanun huɗa sun ci kofin duniya.

Ni ba ni da haƙurin gayya, gajeriyar hanya na nema. Dokar gasar ta ce ɗan unguwa kaɗai zai buga wa unguwa, amma ɗan 'yar'uwa ɗan gida ne, duk inda uwarsa ta yi aure yana da haƙƙi a unguwar kawunnansa. Ta wannan ƙofar na shiga. Na aika Yamai aka samo mini ƙarti biyar masu buga wa duk wanda ya ɗauke su. Ranar kasuwar Baleyara, da ke kan hanyar Yamai, na je can na tarye su, na haddace musu sunayen dangi a cikin mota, sannan na tsaya gaban masu shirya gasa na rantse cewa 'ya'yan gwaggona ne. Don in samar musu wuri sai na cire 'yan unguwa biyar, cikinsu har da ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya.

Shekararsa ashirin a lokacin. Kullum bayan sallar asuba yana gudu a kan hanyar Yamai, domin yana shirin shiga jarrabawar ɗaukar soja bayan kaka, kuma Innarmu ta ɗora dukkan burinta a kan wannan. Bai ji daga bakina ba, a takardar sunaye ya ga ba shi. Ya same ni a gareji ya tambaye ni laifin da ya yi. Ko kaina ban ɗaga daga injin ba na ce masa ƙashinsa bai yi ƙwari ba, bana maza nake so. Ya ce to, ya tafi. Bayan kwana uku aka ce mini an gan shi da hauya cikin gayyar taubashina. Dokar da na yi ƙarya da ita ce ta ba shi dama da gaskiya, tun da shi ɗan 'yar'uwa ne na haƙiƙa a unguwar kawunmu. Na ji kamar an mare ni a kasuwa. Na daina amsa gaisuwarsa, in an kawo tuwo in ɗauki nawa in bar masa zauren.

Da aka fara gasar kowace ƙungiya ta nuna irin ginin da aka yi mata. Su taubashina ko ba su ɗaga kai ba sun san inda ɗan'uwansu yake, kuma in ɗayansu ya kayar da wani sai ya miƙa masa hannu, don gobe za su haɗu a masallaci ko a rijiya. Nawa kuwa ko sunan juna ba su riƙe ba, da lamba suke kiran kowa. Su ci shinkafa da nama, su kwanta a ɗakin da na ba su, ba sa gaida kowa. Da ƙarfi muke cin wasa. A wasa na biyu suka fasa wa wani hanci, a na uku suka gurɗe wa wani kafaɗa. Wani dattijon unguwarmu ya ja ni gefe ya ce kayan aro ba ya rufe katara, na ce masa ai in ya rufe ta ranar final ya wadatar. Haka muka kai wasan ƙarshe, mu da ƙungiyar hauya.

Da safiyar ranar na kira babban cikin baƙin nan, mai tsaron baya, wani ƙato mai tabo a goshi. Na ce masa mai lamba goma kada ya ga hutun rabin lokaci da ƙafafunsa. Bafillacen nake nufi. Ya tambaye ni kamanninsa, na ce lambar ta ishe shi. Bayan la'asar fili ya cika maƙil, maza da mata, har makiyaya da sandunansu sun zo kallon ɗansu. Da ƙungiyoyin suka jeru sai na ga Bafillacen da lamba bakwai. Lamba goma tana jikin ƙanena, shi suka zaɓa a wannan makon. Ya hango ni, ya kama gaban rigar ya ɗan ɗaga ta yana murmushi. Ƙaton nan bai fi taku goma daga inda nake ba, kalma ɗaya ta isa. Amma na ɗauka tsokanata yaron yake yi, zuciya ta ce mini bar shi ya ɗanɗana, gobe ya san wa yake bi. Na kau da kai na yi shiru. Wannan shirun shi ne kayan da na ce ina ɗauke da shi.

Ba a yi minti ashirin ba aka jefa wa ƙanena ƙwallo ta gefe. Ya taka ta da ƙafar dama ke nan sai ƙaton ya taso da gudu ya dira masa da ƙafa biyu a ƙwauri. Ƙarar ta yi kamar an karya busasshen icce, har bayan raga an ji ta. Ƙanena bai yi ihu nan take ba, ya zauna yana kallon ƙafarsa da ta lanƙwashe inda ba gaɓa, ƙashi ya huda fata ya fito fari, jini yana bin rairayi. Sai da ya gani sannan ya kira sunan Inna. Kafin alƙali ya kai usur bakinsa jama'a sun ɓalle cikin fili. Aka rufe ƙaton da sanduna da duwatsu da ƙafafun benci. Na ga haƙoransa a ƙasa, na ga kansa ya tsage jini ya rufe masa ido. Sauran huɗun suka ruga, aka bi su har cikin gonaki, kuma cikin masu bin su har da 'yan unguwarmu da na cire. Wani magidanci da ya shiga raba faɗa dutse ya same shi a ido, har yau da ido ɗaya yake gani.

Da ƙaton ya ga mutuwa sai ya nuna ni da hannu yana ihu cewa ni na sa shi. Jama'a suka juyo kaina. Sanda ta farko ta sauka a kafaɗata, ta biyu a ƙeya, na faɗi, aka shiga tattaka ni. Ina jin haƙarƙarina yana karyewa sai wani ya faɗo a kaina ya rufe ni da jikinsa. Taubashina ne. Sandunan da aka nufe ni da su a bayansa suka ƙare, yana ta faɗi da ƙarfi: "Wanga bawana ne, ba mai kashe shi sai ni! Ku bar min shi!" Maganar wasanmu ta yara ce ta tsayar da hannun mutane har jandarmomi suka iso suka watsa taron.

An kai ƙanena likita, daga nan aka wuce da shi Yamai. An ceci ƙafar, amma ta warke a gajarce. Ranar da tsaransa suka tafi jarrabawar soja yana kan tabarma da sanduna biyu a gefensa. Na yi kwanaki a tsare, sannan dattawa suka shiga tsakani, aka dakatar da gasar shekaru. Inna ta yi wata uku ba ta dubi fuskata ba. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne uzurin da gari ya yi mini, wai ai ba ƙanensa ya nufa ba, rigar ce ta ruɗe shi. Na karɓi uzurin na lulluɓa da shi. Bafillacen kaɗai ne ya tare ni wata rana a kasuwar dabbobi, ya tambaye ni a hankali ko ita tasa ƙafar a daji ta tsiro, ba uwa ce ta haife ta ba. Na sunkuyar da kai na bar kasuwar.

Tun daga lokacin ni nake nome gonar ƙanena duk damina, shi kuma yana zaune a garejina yana sayar da kayan babur. Ba ya tayar da maganar, yana kirana Yaya kamar da. Bara, muna hutawa ƙarƙashin gawo a gonarsa, na kasa daurewa. Na gaya masa cewa na ga rigar a jikinsa kafin a fara wasa, ina da damar hanawa, na ƙi. Na zaci zai tashi ko ya zage ni, kuma da ya yi hakan da na ji sauƙi. Sai ya ci gaba da kaɗa furarsa, ya ce: "Na shina, Yaya, ai idonmu ya gamu. Ni da niɗ ɗaga maka rigar, so nike ka yi murna da ni." Ya miƙo mini ƙwaryar. Na yi kuka a gabansa kamar yaro, shi ne ma yake ba ni haƙuri.

Abin da na koya shi ne, taubashina mutane ya tara, ni kuwa ƙafafu na tara. Wanda ya noma gonar ubanka ba zai karya ka don kofi ba, amma baƙon da ka ɗauko ba ya sanin ɗan wa ke gabansa, abin da ka nuna masa shi zai taka. Laifin ma ba nasa ba ne kamar nawa, tun da na yarda a karya ɗan wani, kuma wanda ya yarda da haka bai san gidan da abin zai sauka ba. Ina kira ga matasa masu riƙe da ƙungiyoyin unguwa, ku yi haƙuri da naku ko da za a ci ku shekara goma, kuma in fushi ya ce ku yi shiru a inda kalma ɗaya za ta hana ɓarna, ku buɗe baki. Kofin da na yi wa wannan aika-aika ba wanda ya ɗauke shi a shekarar. Ƙanena ya yafe mini, amma kullum da asuba, lokacin da a da yake fita gudu, ina jin takunsa zuwa masallaci ta bayan ɗakina, ɗaya da nauyi, ɗaya yana jan ƙasa.